Hujin Ado Ƙaramar Tiyata Ce

Da wuya 'ya mace ta cika shekara a ƙasar Hausa kunnenta bai sha allura ba. A gidaje da dama tun kafin suna ake yi, ko jim kaɗan bayansa. Ungozoma ko wata dattijuwa mai sanyin hannu za ta murza ƙasan kunnen, ta soka allura da zare, ta ƙulla, jaririya ta tsala kuka na ɗan lokaci, shi ke nan. Idan yarinya ta tasa sai a ƙara na hanci, wani lokaci ana dab da biki. Wannan tsohon abu ne, kuma mafi yawan malamai ba su ga laifin hujin kunne ga mace ba. Abin da yake sabo shi ne yawan hujin da irin wuraren da ya kai. A Kano da Kaduna da Abuja da Yamai yanzu za ka ga budurwa da huji uku ko huɗu a jere har saman kunne, wata ta huda hanci gefe biyu, akwai kuma masu huda leɓe ko harshe ko cibiya, ko da yake waɗannan ba a cika bayyana su ba. Masu yin aikin ma sun ƙaru: mai shagon kitso, mai sayar da 'yan kunne a kasuwa riƙe da 'yar bindigar huji, ko ƙawa a ɗakin kwanan makaranta bayan an kashe fitila.

Matsalarmu, a ganina, ita ce mun ajiye huji a sahun kitso da ƙunshi, alhali sahunsa na allurar asibiti ne. Kitson da bai yi kyau ba a tsefe shi, ƙunshi kuma kwana kaɗan ya dushe. Shi huji ɓula fata ne, kuma fata ce ta tsaya tsakanin jini da duk ƙazantar da ke waje. Bayan an ɓula, sai a zura ƙarfe ko zare a hana raunin rufewa da gangan. Jiki ba shi da yadda zai yi sai ya shimfiɗa sabuwar fata a cikin ramin, daga wannan baki zuwa wancan, kuma kafin ya gama wannan aikin wurin ciwo ne a buɗe. A tsokar ƙasan kunne aikin kan ɗauki mako 6 zuwa 8. A hanci watanni ake yi. A saman kunne da cibiya yana iya cin wata 6 har shekara guda. Mutane kan ruɗu saboda bakin ramin yana bushewa da wuri, sai a ɗauka an warke, a zare barima a tura wani, a fama ciwon da bai gama haɗewa ba. Duk mai yi wa ɗan Adam irin wannan rauni, ya kamata a nemi a wurinsa abin da ake nema wurin mai yi wa mutane allura, ba tare da an rage komai ba don abin na kwalliya ne.

A Ingila ƙananan hukumomi na da ikon yi wa shagunan huji rajista da duba tsaftarsu, ga ruwan famfo, ga asibiti a kusa. Duk da haka, wani bincike da aka yi a can a 2005, wanda ya tambayi mutum fiye da 10,000, aka kuma buga sakamakonsa a mujallar likitoci ta BMJ a 2008, ya nuna abin bai kai sauƙin da ake zato ba. Mutum ɗaya cikin goma yana da huji a wani wuri ban da ƙasan kunne. A tsakanin matasa 'yan shekara 16 zuwa 24, kusan huji ɗaya cikin uku ya zo da matsala, ko kumburi, ko zubar jini, ko wurin ya yi ruwa. Kimanin 15 cikin 100 sai da aka nemi taimakon mai magani ko likita ko wanda ya yi hujin, kusan ɗaya cikin 100 kuma ya kai ga kwanciya a asibiti. A harshe abin ya fi muni, wajen rabi ne suka samu matsala. Idan haka lamarin yake inda ake sa ido, babu dalilin da zai sa mu ɗauka ya fi haka kyau a rumfar kasuwa.

Amsar da aka fi ba mai irin wannan magana sananniya ce: iyaye da kakanni duk da allura da zare aka huda su, me ya same su? Akwai gaskiya a ciki, kuma bai kamata a tsallake ta ba. Tsokar ƙasan kunne wuri ne mai haƙuri. Jini yana isa gare ta sosai, ba ƙashi, ba guringuntsi, ba wata babbar jijiya, shi ya sa ko ta ɗan yi ruwa takan warke da kanta. Na da sun zaɓi wurin da ya fi ko'ina aminci a jiki, kuma mafi yawansu sun tsaya a huji ɗaya. Amma wannan hujja tana da rauni biyu. Na farko, amincin ƙasan kunne bai shafi saman kunne ko harshe ba, don halittarsu dabam ce. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, shi ne cutar da ta fi kowace haɗari a wannan harka ba ta nuna kanta a kunne. Kunnen zai warke sumul, ɗan kunne ya zauna daram, abin da allurar ta shigar kuwa sai bayan shekara ashirin ko talatin zai bayyana, a wata gaɓa da ba wanda zai danganta ta da ranar suna.

Ciwon hanta nau'in B nake nufi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ƙwayarsa a jiki, kuma a wannan shekarar ya kashe kusan miliyan 1.1, yawanci ta hanyar ƙeƙashewar hanta da sankarar hanta. A Najeriya, babban binciken da gwamnati ta gudanar gida-gida a 2018 ya samu ƙwayar a jinin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64. Wato a taron biki na mutum ɗari, wajen takwas na iya kasancewa suna ɗauke da ita, galibinsu lafiya lau a ido, su kansu ba su sani ba. Ƙwayar tana da naci. Tana iya yin aƙalla kwana 7 a busasshen jini a jikin ƙarfe tana nan da ƙarfinta, kuma jinin da take buƙata bai kai wanda ido zai gani ba. An ƙididdige abin da ke faruwa ga ma'aikatan asibiti idan allurar da aka yi wa mai cuta ta soke su bisa kuskure. Ga cuta mai karya garkuwar jiki, wadda kowa ke tsoro, mutum 3 cikin 1,000 ne ke kamuwa. Ga ciwon hanta nau'in C, kusan 2 cikin 100. Ga nau'in B, idan wanda aka soka ba shi da rigakafi, yana iya kai 30 cikin 100. Allurar asibiti tana da rami, ta fi allurar ɗinki kwasar jini, don haka ba za a ɗauko waɗannan alƙaluma a ɗora wa huji kai tsaye ba. Abin da suke koya mana shi ne wace cuta ce ta fi saurin bin tsinin ƙarfe. Ba huji kaɗai ne hanyarta ba. Uwa na ba ɗa a wurin haihuwa, yara na ɗauka a junansu, aska ɗaya a kaciya ko tsaga ko cire beli ma hanya ce. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci huji da sunansa cikin hanyoyin, kuma a Birtaniya wanda ya yi sabon huji sai ya jira wata 4 kafin a karɓi gudummawar jininsa. Nau'in C yanzu yana da magani mai warkar da shi cikin 'yan watanni, ko da yake ba shi da rigakafi. Nau'in B yana da rigakafi mai ƙarfi, amma idan ya zauna a jiki sai dai a danne shi da magani, sau da yawa har iya rayuwa.

Shekarun wanda aka huda suna da muhimmanci a nan fiye da yadda ake tsammani. Baligin da ya kamu da nau'in B, jikinsa kan kore shi. Waɗanda cutar ke zaune musu ba su kai 5 cikin 100 ba. Jariri kuwa, kusan tara cikin goma takan zauna masa har girma. Wato lokacin da muka zaɓa mu yi huji shi ne daidai lokacin da jiki ya fi kasa kare kansa. Najeriya ta shigar da rigakafin wannan cuta cikin alluran yara a 2004, kuma ana so a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa, sauran su biyo a mako na 6 da na 10 da na 14 cikin allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar. Sai dai binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin biyar ba. Jaririyar da aka haifa a gida sau da yawa takan haɗu da allurar huji kafin ta haɗu da ta rigakafi. Haka nan cutar sarƙe-haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus. Ƙwayarta na zaune a ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, kuma ta fi son rauni siriri mai zurfi wanda iska ba ta shiga. Tsinken tsintsiya ko na kara da wasu ke zurawa don kada ramin ya toshe hanya ce shimfiɗaɗɗiya a gare ta. Jaririn da bai kai mako 6 ba, kariyarsa ita ce abin da ya samo daga mahaifiyarsa, in har an yi mata allurar lokacin awo. In ba a yi ba, ba shi da komai. Tsakanin kwana 3 zuwa 21 alamu kan fito: yaro ya daina kama nono, baki ya ƙi buɗuwa, jiki ya riƙa sandarewa. A gida sai a ce iska ce ko tsuntsu, ba wanda zai dubi kunne.

Wasu za su ce ai suna ƙona allurar a wuta, ko su goge ta da sifirit. Ƙonawa ta fi rashinta, amma tsinin kaɗai ake ƙonawa, sannan a riƙe shi da yatsun da ba a wanke ba, a ja zaren da aka lasa da baki kafin a zura shi a kafar allura, a bar zaren nan makonni cikin rauni yana shan gumi da maiƙo. Sifirit yana kashe ƙwayoyi da yawa, amma ba ya kashe ƙwayar sarƙe-haƙora idan tana cikin ɓawonta, kuma shafa ɗaya ta gaggawa ba ta fitar da jinin da ya maƙale a lungun ƙarfe. Asibiti ba ya yarda da kayan aikin da za su shiga nama sai an turara su a tukunya ta musamman mai matsin tururi, a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, ko kuma a ɓare sabo fil daga ledarsa a yi amfani da shi sau ɗaya a jefar. Bindigar huji, wadda mutane ke ɗauka ita ce ta zamani kuma ta fi tsafta, tana da nata aibin. Yawancinsu akwai roba a jikinsu, ba sa jure tururin. Ko da barimar sabuwa ce, bakin bindigar yana taɓa kunnen kowa, kuma ɗan feshin jinin wadda ta gabata yana nan a kai. Sannan ba yanka take yi ba, tura barima take yi da ƙarfin tsiya ta keta nama. Maƙallin bayan da take ɗaurawa kan matse, idan kunnen ya kumbura sai ya nutse cikin tsoka, musamman ga yara, har sai likita ya tsaga ya ciro.

A saman kunne wannan aibin ya zama babba. Wurin guringuntsi ne, kuma guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini na kansa. Abincinsa yana zuwa ne daga wata siririyar fata da ke manne da shi. Idan ƙwayar cuta ta shiga, mugunya takan taru tsakanin su biyu ta raba su, guringuntsin ya rasa abinci ya mutu, kuma wanda ya mutu ba ya tsirowa. Kunnen sai ya yamutse ya lanƙwashe, gyaransa sai an ɗebo guringuntsi daga haƙarƙari. A jihar Oregon ta Amurka, a shekarar 2000, an bi sawun mutum 118 da aka yi wa huji 186 a wata rumfar sayar da kayan ado. Mutum 7 aka tabbatar sun kamu da ƙwayar da ake kira Pseudomonas, ana kuma zargin wasu 18. Duk bakwai ɗin a saman kunne aka huda su, kuma da bindiga. Huɗu sun kwanta asibiti, wasu kunnensu ya nakasa. Da aka bincika, sai aka samu ƙwayar a cikin kwalbar maganin da ake fesawa don tsaftacewa, da kuma wurin wanke hannu. Rahoton, wanda ya fito a mujallar JAMA a 2004, ya ƙara da wani abu da ya shafe mu ƙwarai: yawancinsu an fara ba su maganin da ba ya taɓa wannan ƙwayar. A wurinmu, inda mai ciwo ke fara zuwa kemis ya sayi Ampiclox ko Amoxil, abin da zai faru ke nan, don waɗannan ba sa kashe ta, kuma kwana biyu ko uku da aka ɓata ana jiran su yi aiki sun isa kunne ya lalace. Ita wannan ƙwaya ruwa take so, musamman wanda ya daɗe a ajiye. A haɗa da ɗankwali da hijabi da ke danne saman kunne cikin zafi da gumi tun safe har dare, da kwanciya a gefen, sai a ga raunin da ke buƙatar wata shida na bushewa da iska ba ya samun ko ɗaya.

Akwai kuma abin da ko an yi tsaftar duniya ba a tsira daga gare shi ba idan jiki mai yinsa ne, wato ƙululun tabo, wanda likitoci ke kira kiloyid. A wasu mutane, idan rauni ya warke jiki ba ya daina gina tabon. Sai ya ci gaba da tsiro ya wuce iyakar raunin, ya yi tauri, ya yi sheƙi, yana ƙaiƙayi ko zugi, ya rataya a bayan kunne. Baƙar fata ta fi saurin yinsa nesa ba kusa ba, yana bin dangi, kuma ya fi fitowa tsakanin shekara 10 zuwa 30, daidai shekarun da ake sha'awar ƙarin huji. Ba nan take yake bayyana ba, yakan ɗauki watanni, shi ya sa budurwa za ta yi huji na biyu ta ga lafiya, ta ƙara na uku, sannan duka su taso. Yankewa kaɗai ba ta magance shi, don yankan ma rauni ne. Yakan dawo, wani lokaci ya fi na da. Likitoci kan haɗa fiɗa da allurai a cikin tabon na tsawon watanni, da abin matsewa, wani lokaci har da gashi irin na masu sankara. A nan dole a ba al'ada haƙƙinta. Wani ɗan bincike da aka buga a mujallar Pediatrics a 2005, a kan mutum 32 kacal, ya nuna ƙululun ya fi fitowa ga waɗanda aka huda suna da shekara 11 zuwa sama fiye da waɗanda aka huda suna ƙanana. Saboda haka ba na cikin masu cewa a bar yarinya sai ta girma ta zaɓa da kanta, ko da yake ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta karkata ga a jira har yaro ya iya kula da wurin. A yanayinmu, jiran 'yan watanni ya fi dacewa da jiran shekaru: a bari jaririya ta karɓi allurarta ta mako 14, a ɗan ƙara makonni jiki ya gina kariya, sannan a huda. Ba abin da ado ya rasa a wata huɗu ko biyar. Macen da kuma ta san a gidansu akwai mai irin wannan tabo, a ƙirji ko kafaɗa ko haɓa, ta tsaya a hujin da aka yi mata tana jaririya.

Mata da yawa kan ce kunnensu ba ya ɗaukar ƙarfe sai gwal, kuma ba iyayi ba ne. Ƙarfen da ake kira nikel, wanda ke cikin yawancin 'yan kunne masu araha har da masu ruwan gwal, yana narkewa kaɗan-kaɗan cikin gumi. Idan ya shiga ta sabon rauni, jiki kan ɗauke shi abokin gaba, kuma ba ya mantawa. Daga nan bayan agogo, da kan bel, da maɓallin rigar mama duk sai su riƙa tayar da ƙuraje da ƙaiƙayi. Wannan ya sa Tarayyar Turai ta kafa doka a 1994 da ta ƙayyade yawan nikel ɗin da abin ado zai iya saki. Abin da za a fara sawa a sabon huji ya zama zinari na gaske, karat 14 ko 18, ko titaniyam.

Hujin baki shi ne wanda ban ga hanyar kare shi ba. Baki cike yake da ƙwayoyin cuta, harshe kuma tsoka ce mai yawan jijiyoyin jini wadda ke kwance a bakin hanyar numfashi. Yana iya zubar da jini mai yawa, yana iya kumbura ya toshe iska, kuma ciwon na iya gangarawa ƙarƙashin haɓa ya zama na gaggawa. Ko an tsallake wannan, ƙarfen yana bugun haƙori har ya tsage shi, na leɓe kuma yana goge dasashi har saiwar haƙori ta fito. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kansa, yankin Wales na Birtaniya kuma tun 2018 ya haramta huda harshen wanda bai kai shekara 18 ba, ko da iyaye sun yarda. Na cibiya yana shan gugar zani da siket, shi ya sa yake daɗewa bai warke ba. Akwai mutanen da kowane irin huji haɗarinsa ya ninka a kansu: mai ciwon suga, mai raunin garkuwar jiki, wanda jininsa ba ya saurin tsayawa, da mai lalurar 'yan ƙofofin cikin zuciya. Wannan ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce a ƙasashenmu, don takan biyo bayan ciwon maƙogwaron ƙuruciya da ba a yi wa magani ba. Ƙwayar da ta shiga jini ta huji na iya zuwa ta maƙale a ƙofar da ta riga ta lalace.

Za a ce wannan tsoratarwa ce, dubban mata na yi suna lafiya, wadda abin ya faɗa wa tsautsayi ne. Gaskiya ne mafi yawa suna wanyewa lafiya. Amma tsautsayi shi ne abin da ya zo bayan an yi iya yi. Allura ɗaya ga yara biyar a jere sakaci ne, musamman da yake sabuwar allura a leda ba ta kai kuɗin barimar da za a sa ba. Ban kuma yarda hani ne mafita ba. Uwar da ta ce wa 'yarta kada ta kuskura, ta rufe maganar, sau da yawa abin da take samu shi ne huji a ɓoye a makaranta, da ciwon da ake rufewa da ɗankwali har ya ci ƙarfin magani. Mun riga mun ga cewa ɗabi'a irin wannan tana sauyawa. Wayar da kai a kan cuta mai karya garkuwar jiki ta sa yau mutane da yawa ba sa yarda a yi musu aski ko yankan farce sai da sabuwar reza, wasu ma da na'urar askinsu suke tafiya. Huji ne aka bari a baya, wataƙila don harkar mata ce ta cikin gida. A wasu asibitocin haihuwa ma'aikatan jinya na yin hujin kunne. Abin da zai fi amfani shi ne asibitocin sha-ka-tafi su mai da shi aikinsu a fili, a kan kuɗi kaɗan, bayan uwa ta nuna katin rigakafi ya cika. Wannan zai ba iyaye ƙarin dalilin kammala alluran. Ungozomomi kuma, tunda ana horar da su a kan yankan cibiya, a haɗa musu da wannan: wanke hannu da sabulu, safar hannu, sabuwar allura ga kowace yarinya, ba zare, ba tsinke. Budurwa ko matar aure mai son ƙari, ta fara yin gwajin ciwon hanta, in ba ta da shi ta karɓi rigakafin, allura uku cikin wata shida, ta kuma ƙi bindiga a duk inda ba tsokar ƙasan kunne ba.

Bayan an huda, kulawar ba ta da yawa, yawan shisshigi ne ma ke ɓata ta. A wanke hannu kafin a taɓa. A goge wurin sau biyu a rana da ruwan gishiri irin na asibiti, ko tafasasshen ruwa da ɗan gishiri bayan ya huce, a busar da shi da abu mai tsafta, haka ma bayan wanka da alwala. Kada a riƙa murza barimar, kada a sa kananzir ko toka ko man goge baki ko man zafi. Ɗan ja da ɗan ruwa fari-fari mai bushewa a kwanakin farko ba abin tashin hankali ba ne. Abin da ke buƙatar asibiti shi ne zafi da kumburin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, mugunya mai kauri ko wari, ja mai yaɗuwa, maƙallin da ya fara nutsewa, ko zazzaɓi. Kada a yi gaggawar zare ɗan kunnen a gida, don ramin na iya rufewa a kan mugunya. Likita ne zai ce a cire ko a bari. Idan a saman kunne ne, ranar da aka ga kumburin ranar za a je, a kuma faɗa wa likita ranar da aka yi hujin da abin da aka yi shi da shi, don wannan ne zai nuna masa maganin da zai zaɓa. Jaririyar da ba ta kai wata uku ba, in jikinta ya yi zafi har digiri 38, ko ta ƙi nono, ko ta yi laushi bayan huji, a kai ta a daren, ko da kunnen bai nuna komai ba.